Takardun Tarihin Ƙasar Lautai: Ina Suke, Wa Zai Tsare Su?

Shugaban taro, shugabannin rassan ƙungiyarmu na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, iyayenmu tsofaffin malamai, 'yan'uwa abokan aiki maza da mata.

Dukkanmu a zauren nan mun san darajar takarda. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin tantance ma'aikata, aka ce ya fito da takardarsa ta kama aiki, ya laluba jaka bai same ta ba, ya san cewa shekara talatin na alli da allo na iya rataya a kan falle ɗaya. Abin da ke samun mutum guda shi ke samun al'umma. A yau muna so mu yi magana a kan takardun ƙasarmu ta Lautai, musamman waɗanda suka shafi hulɗarta da maƙwabta da baƙin nesa: inda suke, yadda ake karanta su, da abin da ya rataya a wuyanmu game da su.

Dalilin maganar a fili yake. Bayan fiye da shekara goma babu darasin Tarihi a makarantun firamare da ƙananan sakandare, a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da mayar da shi. Yaran da za mu koyar sun ga an rufe iyakar Maigatari a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Sun sake ganin an rufe ta a 2023, bayan juyin mulkin Nijar. Sun ga kasuwar Alhamis ta yi sanyi, sun ga dangi a Dungas da Magarya sun zama kamar mutanen wata duniya. Idan yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, wa ya ja wannan layi, kuma yaushe?” ba ya kamata amsarmu ta tsaya a kan “Turawa ne” ba.

Tarihin Gumel tun asali tarihin hulɗa da waje ne. Masarauta ce ta Mangawa wadda ta yi mubaya'a ga Barno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, ta zauna a tsakanin Kano da Haɗeja da Damagaram, wata rana ciniki, wata rana yaƙi. Sarki Ɗan Tanoma ne ya taso da gadon sarauta daga Tumbi zuwa Gumel a 1845, kuma Tumbin nan yau tana cikin Jamhuriyar Nijar. Wato tsohuwar fadarmu ma tana ƙetaren iyaka. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce takardunmu sun warwatsu a ƙasashe da harsuna daban-daban.

Rukuni na farko shi ne rubutun matafiya. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim a ƙarƙashin gwamnatin Ingila, ya sauka Gumel a watan Maris na 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya bayyana garin a matsayin babbar kasuwar kanwa. Da ya sake biyowa a 1854, sai ya tarar rikicin gadon sarauta bayan rasuwar Ɗan Tanoma ya ragargaza shi. Littafinsa mai juzu'i biyar ya fito a 1857 da 1858, kuma yau ana samun sa kyauta a intanet. Malamin da ke da waya yana iya karanta wa ajinsa yadda baƙo ya ga garinsu shekara 170 da suka wuce.

Rukuni na biyu shi ne takardun shata iyaka. Ba a rana ɗaya aka ja layin da ya ratsa arewacin Maigatari ba. Ingila da Faransa sun yi yarjejeniya a 1890, suka sake a 1898, sannan a 1904, sannan a 1906. Abin da ya sa ake ta gyara shi ne kukan Faransawa, waɗanda suka kama Damagaram a 1899, cewa ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Chadi. Daga 1906 zuwa 1908 ne ayarin haɗin gwiwa, ƙarƙashin Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa, ya bi ƙasa yana kafa alamomi, aka tabbatar da aikin a 1910. Wasiƙun da suka kai ga wannan suna taskar takardun gwamnatin Ingila da ke Kew a Landan, da taskar Faransa ta ƙasashen ƙetare da ke Aix-en-Provence. Ayarin Tilho ya kuma buga rahotonsa da Faransanci, kuma a cikinsa akwai labaran masarautun yankin da tafintansa Landeroin ya tattara daga bakin dattawa.

Rukuni na uku shi ne takardun mulkin mallaka da na En'e. Tun da Sarki Ahmadu ya karɓi Turawan Ingila a 1903, Gumel ta shiga Lardin Kano. Don haka rahotannin Razdan da na Di'o, da lissafin haraji da jangali, da bayanan naɗin hakimai, da ƙorafe-ƙorafen ƙaura zuwa ƙasar Faransi ko daga can, sai a neme su a reshen Kaduna na taskar takardun tarihi ta ƙasa, wadda Farfesa Kenneth Dike ya assasa a 1954. Ana duba jerin fayilolin Lardin Kano da na Sakatariyar Lardunan Arewa. A Kadunar dai akwai Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, inda ake ajiye rubuce-rubucen Larabci da ajami. A Kano kuma akwai hukumar tarihi da al'adu a Gidan Ɗan Hausa, domin kada mu manta, har zuwa 27 ga Agustan 1991 mu 'yan Jihar Kano ne. Ɗaya ɓangaren labarin yana Yamai da Damagaram, wadda ita ce hedikwatar Nijar kafin 1926, da kuma Dakar, inda gwamna janar na Faransa ya zauna.

Sai dai samun takarda daban, iya karanta ta daban. Di'on da ya zagaya ƙauyukanmu a kan doki ya zo ƙidayar masu biyan haraji ne, kuma ta bakin tafinta ya ji abin da ya rubuta. Manomi kuwa ya san abin da ake ɓoyewa ranar ƙidaya. Labarin yaƙin da aka ɗauka a fadar Damagaram ba zai zo daidai da wanda ake bayarwa a fadar Gumel ko ta Haɗeja ba, domin kowa wutarsa yake hurawa. Aikin mai bincike shi ne ya jera su, ya tambayi kowace takarda: wa ya rubuta ki, don wa, yana neman me? Wannan tambaya ita ce babban abin da za mu koya wa yara a darasin Tarihi, ta fi haddar jerin sarakuna amfani.

Ba mu kaɗai ne tarihinmu ya warwatsu ba. Mu dubi ƙasar Sin, wadda Najeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da ita ranar 10 ga Fabrairun 1971. Mai binciken tarihinta na zamani sai ya je Beijing don takardun zamanin sarakuna, ya je Nanjing don na zamanin jamhuriya kafin 1949, ya ƙetara Taiwan don waɗanda gwamnatin Chiang Kai-shek ta gudu da su, har ma Amurka, inda aka fara buɗe wa masu bincike littattafan ajiyar sirrin Chiang ɗin a 2006. Ma'aikatar harkokin wajen Sin ta buɗe wani sashe na taskarta a 2004, masana suka yi ta ɗiba, amma kafin shekara goma ta cika aka sake tsuke ƙofar. Waɗanda suka kwafa da wuri su ne suka tsira da abin hannunsu. Darasin a nan shi ne, ƙofar da ke buɗe yau ba lallai ta kasance a buɗe gobe ba.

Wannan ya kawo mu ga rukuni na huɗu, wanda ya fi kusa da mu kuma ya fi shiga haɗari: takardun da ke hannunmu. Takardun Kew suna ɗaki mai sanyi, an ba kowace lamba. Namu kuwa suna sito, a ƙasan karyayyun bencina. Akwai rajistar ɗaukar yara, da littafin da hedimasta ke rubuta abin da ya faru a makaranta, da littafin baƙi, da tsofaffin hotuna. A gidajen malamai da alƙalai da fatake akwai wasiƙun ajami, da takardun gado, da rasiɗan kuɗin ƙasa. Mun shiga wata makaranta a yankin nan muka tarar gara ta cinye rajistar farko, saura bango kawai. A wata kuma an share sito don baƙi na zuwa, aka tara “tarkace” aka cinna wuta. Babu gwamnatin da ta hana mu waɗannan. Mu muka hana kanmu.

Kada kuma mu ɗauka tarihi ya ƙare da tafiyar Turawa. Riɗi da zoɓon da ake lodawa a Maigatari suna zuwa ƙasashe masu nisa. Maganar filayen noman rake a Gagarawa, da mai zuba jari ɗan ƙasar Sin, an yi shekaru ana kai ruwa rana a kanta. Jikokinmu za su so su san abin da aka yi alkawari da abin da aka biya. Idan ba mu adana takardun taro da sanarwa da shaidar waɗanda abin ya shafa ba, labarin zai rage a hannun ɓangare ɗaya.

Don haka muna ba da shawara huɗu. Ta farko, kowace makaranta ta lissafa tsofaffin takardunta kafin ƙarshen wannan zango, ta miƙa jerin ga sakataren reshe. Ta biyu, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a rubuta sunan makaranta da shekara, a ɗora asalin a kan kanta nesa da ƙasa da yoyon rufi. Takardun gidajen mutane kuwa a nemi izini, a ɗauki hoto, a bar wa masu su kayansu. Ta uku, malaman Tarihi da na Hausa su riƙa zama da dattawa suna naɗar muryarsu, da yardarsu. Ta huɗu, rassan nan huɗu su haɗa kuɗin mota su tura malamai biyu Kaduna a dogon hutu, a kuma nemi Kwalejin Ilimi ta Gumel ta karɓi kwafin duk abin da aka tara. Malamanmu na Larabci da na Faransanci, ga ranarku ta zo.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, amma mai waiwaye sai ya ga sawu. Mu koma makarantunmu, mu buɗe sito tun gara ba ta riga mu ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya ba ƙasarmu da maƙwabtanmu zaman lafiya.