Takardun Hukuma da Jakar Talaka



Yau muna so mu yi magana ne a kan nauyin da dokokin kasuwanci ke ɗora wa mai ƙaramin jari, kuma za mu ɗauki misali daga ƙasar Makoɗa, inda gona ke manne da gona, kusan kowane gida kuma yana da wata 'yar sana'a ta rani.

Ku dubi matar da ke matsar man gyada tana soya ƙuli-ƙuli a Koguna. Muddin ɗanta ne ke tallansa a kan tire, ba mai ce mata uffan. Amma ran da ta so ta zuba man a kwalba da sunanta, ta kai shi kantunan Kano, to, sai ta nemi lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, bayan ta yi rajistar sunan sana'arta. Ba mu ƙi a tsare lafiyar masu saye ba. Abin dubawa shi ne, babban kamfani yana da lauya da akawu masu bin takardu, ita kuwa jarinta ne zai ƙare a kuɗin mota da zirga-zirga. Sai ta haƙura, ta koma kan tire.

Haka manomin da zai kai hatsi kasuwar Ɗambatta: ga kuɗin tasha, ga na lodi, ga na rumfa, ga masu tare hanya da rasit iri-iri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sauke irin wannan nauyi abu ne mai yiwuwa, tarihinmu ya nuna. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona waɗanda suka daɗe suna yanka wa manomi farashin gyadarsa. A 1998 aka yi doka wadda ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta kuma hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Duk da haka shingayen ba su ɓace ba. Sababbin dokokin haraji na 2025 sun yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba, amma mai teburi ba kamfani ba ne, saboda haka rangwamen ya tsallake shi.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu zauna a waɗannan ofisoshi. Mu nemi a haɗa kuɗaɗen kasuwa su zama rasit guda, a kafe jerinsu da Hausa da ajami a ƙofar kowace kasuwa, a kuma kai ma'aikatan rajista hedikwatar ƙaramar hukuma. Da kuɗin ƙuli-ƙulin nan aka saya wa da yawa daga cikinmu littafi da alƙalami. Kada mu kama aiki mu zama masu tare iyayenmu a hanya.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.