'Yar Tsala: Me Take Bai Wa Jiki?



Maganarmu ta yau a kan 'yar tsala ce, wadda da yawanmu da ita muka girma, amma tun da muka shigo jami'a muka koma burodi da shayi, har muna jin kunyar a gan mu a gaban kaskonta. A ƙauyukan ƙasar Jibiya kuwa, irin su Riko da ke daf da iyakar Nijar, ba wanda yake raina ta, daga manomi har ɗan kasuwa mai bin hanyar Maraɗi.

Gero ake surfawa, a jiƙa, a markaɗa, a bar ƙullun ya kwana ya yi tsami, da safe a tsoma cikin tafasasshen mai. Shi gero, a kowane giram 100 akwai kimanin giram 11 na sinadarin gina jiki, ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini fiye da na farar shinkafa. Sai dai yana ɗauke da wani sinadari, fayitet, wanda kan riƙe ƙarfen nan ya hana jiki amfana da shi. To, kwanan da ƙullu ke yi yana tsami, shi ke rage wannan sinadari. Iyayenmu mata ba su shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, amma binciken masana ya gaskata su. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta keɓe shekarar 2023 don gero da danginsa, alhali mu 'yan boko muna gudunsa.

Amma kada mu rufe ido ga aibunta. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na gari kuwa kimanin 4, kuma 'yar tsala tana shan mai ƙwarai. Wannan alheri ne ga wanda zai wuni yana noma; ma'aikacin da zai wuni a kujerar ofis sai ya sassauta. Kanwar da ake sawa don rage tsami, in ta yi yawa, tana lalata bitamin B1. Man da aka maimaita har ya yi baƙi kuwa, a guje shi.

Akwai kuma sinadarin layisin, wanda gero ke da ƙarancinsa, wake kuwa yake da shi a wadace. Saboda haka in mun tsaya wurin mai tuya, mu ce ta haɗa mana da ƙosai.