Jawabin Magatakarda Ga Manoma Da 'Yan Kasuwar Danja



Na ji ana cewa wai talaka ba ya iya kome sai haƙuri. To, ku tambayi dattawan da ke zaune a nan. Suna raye sa'ad da dakarai ke bin gida gida karɓar haraji, ana ɗaure magidanci a rana gaban 'ya'yansa. Da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU, wadda aka kafa a 1950, suka ce sai an daina, dariya aka yi musu, waɗansu kuwa suka sha bulala da kurkuku. A 1979 Alhaji Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, mu kuwa lokacin a cikinta muke.

Yanzu ga namu. Mutumin Kahutu ko na Tandama ya yi wata uku yana ban ruwa, ya sayi mai, ya sayi taki, ya sayi magani. Ran da tumatir ya nuna, na kowa ya nuna. Kaya ne da ba ya jiran gobe, dillali kuwa ya sani sarai, don haka shi ke yanka kuɗin kwando, sa'an nan a loda mota a nufi Ikko. Ba ina zagin 'yan kasuwa ba ne, su ma hanya tana cinsu.

An taɓa kawo mana taimako daga sama. A 1975 Bankin Duniya ya kafa shirin gona na Funtuwa. An zo da taki da tarakta, amma galibi masu manyan gonaki suka sha romon.

Saboda haka ku haɗa kai tun daga unguwa. Mutum ashirin ko talatin ku kafa ƙungiyar gama kai, ku yi mata rajista, ku naɗa ma'aji wanda zai karanta lissafi a bainar jama'a. Ku sayi taki tare, ku yi ciniki da baki ɗaya, abin da ya saura a yi kauɗa. Mata masu yanka da shanya, lalle a rubuta sunansu.

A Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a biya ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ku je wurin kansilanku, a rubuce, ku tambaye shi nawa ya shigo Danja, nawa aka sa a hanya da rijiya. Wanda bai iya rubutu ba ya zo ofis, ni zan rubuta masa, ba ko kwabo.

Haza wassalam.