Juliya Child, Akawun da ta Koya wa Amurka Girki



Mun san a cikinku akwai waɗanda suka yi murmushi da suka ga abin da za mu yi magana a kansa yau, suna cewa a ransu, duk manyan duniya an rasa wanda za a kawo zauren jami'a sai mai dafa abinci? To, wannan murmushin shi ne dalilin zuwanmu. Matar da za mu ba da tarihinta ba ta ci yaƙi ba, ba ta riƙe mulki ba. Abin da ta yi shi ne, ta ɗauki ilmin da ke hannun masu girki, wanda ba a ɗauke shi ilmi ba, ta auna shi, ta jarraba shi, ta rubuta shi yadda wanda bai taɓa riƙe ludayi ba zai karanta ya iya.

An haifi Juliya McWilliams ran 15 ga Agusta, 1912, a garin Pasadena cikin Jihar Kalifoniya ta Amurka. Gidansu gidan wadata ne, suna da kuku, saboda haka ta tashi ba ta san komai ba game da tukunya. Ta yi karatun tarihi a Kwalejin Smith, ta gama cikin 1934. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ta nemi shiga sojan mata, aka ƙi ta domin ta cika tsawo, gama tsawonta ƙafa 6 da inci 2 ne. Sai ta kama aiki a ofishin leƙen asiri na lokacin yaƙi, watau OSS, wanda daga baya CIA ta gaje shi. Aikinta na akawu ne: buga tafireta, jera katuna, ajiye fayil. Cikin 1944 aka tura ta garin Kandi a tsibirin Silan, wanda yau ake kira Siri Lanka, ta riƙe rajistar takardun asiri, daga nan aka kai ta Kunming a ƙasar Sin. Ku ma'aikatan gwamnati da ke nan ku lura da wannan, domin a ganinmu halin da ta koya a rajista, na cewa kowace takarda tana da lamba da wurin zama, shi ne ta kai madafa daga baya.

A Silan ta haɗu da Paul Child, abokin aikinta, suka yi aure cikin 1946. Cikin 1948 gwamnatinsu ta tura shi aiki birnin Faris. A hanyarsu daga bakin teku suka tsaya a garin Ruwan, wanda Faransawa ke rubutawa Rouen, aka kawo mata kifi soyayye da man shanu da ɗan lemun tsami. Ita kanta ta riƙa faɗa har tsufanta cewa wannan abinci ne ya buɗe mata ido. Shekarunta 36 a lokacin. A shekara mai zuwa ta shiga makarantar koyon girki ta Cordon Bleu, aka sa ta aji ɗaya da tsofaffin sojojin Amurka masu neman zama kuku, ita kaɗai mace, ƙarƙashin wani tsohon gwani mai suna Max Bugnard. Ta faɗi jarrabawar farko, ta sake, ta karɓi takardar shaida cikin 1951.

Yanzu mun zo ga ainihin maganarmu. A Faris ta san wasu mata biyu Faransawa, Simone Beck da Louisette Bertholle, waɗanda suka riga suka fara rubuta littafin girkin Faransa domin Amurkawa, amma ya ƙi kama hanya. Ta shiga aikin cikin 1952, littafin bai fito ba sai 1961. Me ya ɗauki shekara 9? Kukun Faransa ya koyi sana'arsa tun yana yaro, ta hanyar kallon maigidansa. In ka tambaye shi yawan fulawar da za a zuba a miya, sai ya ce a zuba daidai. To, daidai ɗin nan yana cikin hannunsa ne da idonsa, ba ya shiga takarda. Juliya ta ƙi yarda da kalmar. Kowane girki sai ta yi shi sau da yawa, ta auna da cokali da kofi da ma'auni, ta duba agogo, ta rubuta abin da ya faru, ta kuma rubuta dalilin da ya sa ya lalace in ya lalace, da yadda za a ceto shi. Ta gano kuma cewa fulawar Amurka ba irin ta Faransa ba ce, yankan nama ma dabam ne, saboda haka fassara kurum ba za ta yi ba, tilas a sake gina kowane girki da kayan da matar Amurka za ta samu a kantin unguwarsu. Ana cikin haka aka yi ta yi wa mijinta canjin wurin aiki, daga Faris zuwa Marsel, zuwa Bon ta Jamus, zuwa Washintan, zuwa Oslo, ita kuwa tana bugawa a tafireta tana aika wa Simone Beck ta gidan waya, wani lokaci suna gardama mai zafi a kan cokali ɗaya na man shanu.

Kamfanin Houghton Mifflin, wanda ya fara ba su kwangila, ya mai da musu da littafin, ya ce ya cika girma, babu matar da za ta saya. Wata matashiyar edita a kamfanin Knopf, Judith Jones, ita ce ta kai rubutun gida ta dafa abin da ke ciki, ta ga lalle yana fitowa yadda aka ce. Aka buga shi cikin Oktoba 1961 da sunan Mastering the Art of French Cooking, shafi fiye da 700, girki 524. An yi shi ne musamman domin wanda ba shi da kuku ko boyi, wanda zai tashi daga aiki ya shiga madafa da kansa. Wannan kuwa siffar yawancin waɗanda ke zaune a wannan zaure ce.

Misalin da ya fi burge mu shi ne na burodi, a juzu'i na biyu da ya fito cikin 1970. Doguwar burodin Faransa ba ta yin ɓawo mai ƙaras-ƙaras sai da tururi da ƙasa mai zafi, tanderun gida kuwa ba shi da ko ɗaya. Ita da mijinta suka ƙarar da buhunan fulawa suna gwaji, suka je wurin Farfesa Raymond Calvel, masanin burodi a Faransa. A ƙarshe suka shimfiɗa faranti irin na daɓen ƙasa cikin tanderu, suka riƙa jefa bulo mai zafi cikin kwanon ruwa domin ya ta da tururi. Bayanin wannan burodi ɗaya, mai fulawa da ruwa da gishiri da yis kurum, ya ci wajen shafi 20.

Talabijin ya zo daga baya, kusan bisa tsautsayi. Cikin 1962 tashar WGBH ta Bostan, tashar ilmi marar kuɗi, ta gayyace ta hira a kan littafin. Ta tafi da kasko da ƙwai, ta soya waina a gaban masu kallo, wasiƙu suka fara shigowa. Ran 11 ga Fabrairu, 1963, aka fara shirinta mai suna The French Chef, tana da shekara 50, aka yi ta yi har 1973. Da yake tashar ba ta da halin yanke fim ana sakewa, duk kuskuren da ta yi sai ya fita yadda yake. Wata rana ta zo juya wainar dankali, rabi ya zube a kan murhu, ta kwashe ta mayar cikin kasko ta gyara, ta ci gaba. Bakin mutane ya ƙara wa labarin gishiri har ya zama wai kaza ce ta faɗi ƙasa ta ɗauka, alhali ba a yi haka ba. Mutane sun so ta domin wannan sakin jiki, amma ba ya samuwa sai ga wanda ya maimaita girkin a gida har ya san duk inda zai iya ɓaci. Ta sami lambar Peabody cikin 1965, ta Emmy cikin 1966, a wannan shekarar kuma mujallar Time ta sa hotonta a bango. Duk da wannan suna, ta ƙi yi wa kowane kamfani tallar kayansa har ta mutu. Masu koyar da girki a waya a zamaninmu, waɗanda sunan ɗanɗanon da za a jefa a miya ke fitowa daga bakinsu kafin sunan miyar, su yi wa kansu hisabi.

Ba mu ce a ɗauko abincinta a kawo gidajenmu ba. Akwai giya a ciki, akwai naman alade, ga man shanu da kirim da likitocin ƙasarsu ma suka yi ta ƙorafi a kai. Kuma gaskiya ce ta sami sukunin yin shekaru tana gwaji domin ba ta neman na cefane, ga shi kuma sunanta ya danne na abokan aikinta biyu, waɗanda girkin na iyayensu ne. Hanyar aikinta ita ce abin dubawa. Ku tambayi goggonku yawan kanwar da ake sa wa miyar kuɓewa, za ta ce kaɗan. Ku tambaye ta yaushe talge ya isa a zuba gari a tuƙa, za ta ce in ya yi za ka gani. Amsar kukun Faransa ke nan, ba ragi ba ƙari. Kwana nawa kalwa ke yi a rufe kafin ta zama daddawa, kuma me ya bambanta na lokacin hunturu da na bazara? Me ke sa ƙullun masa ya tashi yau, gobe ya kwanta? Muna da sashen kimiyyar abinci, muna da sashen Hausa, ɗalibansu kuwa kowace shekara suna neman abin da za su rubuta kundi a kansa. Ɗaya ya zo da ma'auni da agogo, ɗaya ya zo da alƙalami, su zauna kusa da murhun tsohuwa wata uku, su sa sunanta a bangon kundin tare da nasu.

Paul Child ya rasu cikin 1994. Faransa ta ba Juliya lambar girma ta Lejiyon Dono cikin 2000, Amurka ta ba ta lambar 'yanci ta Shugaban Ƙasa cikin 2003. Cikin 2001, da za ta bar gidanta na Kambirij kusa da Bostan ta koma Kalifoniya, ta ba gidan tarihi na Smithsonian a Washintan madafarta ɗungum, aka kwashe aka sake kafawa can. Teburan aikin an ɗaga su sun fi na sauran gidaje tsawo domin kada ta riƙa sunkuyawa, a jikin bango kuma akwai allo mai huji-huji inda mijinta ya zana siffar kowace tukunya da kowane kasko, domin wanda ya ɗauka ya san inda zai mayar. Ta rasu ran 13 ga Agusta, 2004, saura kwana biyu ta cika shekara 92.