Famfon Ruwan Mota: Ilimin 504 da Injinan Yau

 

An ba ni magana a kan wani ƙarfe da yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya, wanda a gareji ake ce masa wata-famfo. Duk mai bin titin Ali Akilu zuwa Kawo da tsakar rana a watan Afrilu ya saba ganin mota a gefen hanya, bonet a ɗage, tururi na tashi, mai ita na ƙwala wa mai fiya-wata kira. Yawanci lagireto ake fara zargi. Amma sau da yawa ruwan yana nan, mai tura shi ne ya gaza. Abin da na zo faɗa shi ne, a garin nan na Kaduna ba kasafai famfon ke mutuwa don tsufa ba. Mu ne muke kashe shi da hannunmu, da dabarun da suka yi mana amfani a da, yanzu kuwa suke cin injin.

Kusan kashi 1 cikin 3 na ƙarfin fetur ɗin da inji ya ƙona yana zama zafin da ruwa zai kwashe ya kai lagireto, iska ta huce shi, ya dawo. Inji ya fi jin daɗin aiki a wajen digiri 90. Famfon kuwa abu uku ne a haɗe: 'yar fanka mai tura ruwan, da boris da sandar ke juyawa a kai, da sil mai hana ruwa isa ga boris. A ƙasansa akwai wani ɗan rami da masu ƙerawa suka bari da gangan. Idan sil ya fara ci, ta nan ruwa zai fara ɗiga, ya bar busasshen tabo. Wannan ramin gargaɗi ne, kuma na sha jin an toshe shi da gam an ce an gyara. Wanda ya yi haka ya tura ruwan cikin boris ne.

Kaduna gari ne da ya san mota. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, yawancin manyan kanikawanmu na Kurmin Mashi da Tudun Wada da Oriapata a kan 504 suka koyi aiki, ko kuwa a hannun wanda ya koya a kanta. Motar tana da haƙuri. Gangar injinta baƙin ƙarfe ce, famfonta yana gaba a fili, fanbel ke juya shi, ana iya kwance shi a gindin bishiya kafin la'asar. Ina girmama wannan ilimi, domin shi ya riƙe motocin Arewa shekaru da dama. Sai dai motocin da ke shigo mana yanzu, musamman masu ƙarfin gudu da samarinmu ke sha'awa, an gina su a kan wani lissafi dabam: inji na alminiyam, zafi mai yawa a ɗan ƙaramin wuri, da sassan roba inda da ƙarfe ne.

Ku duba BMW, wadda ba a rasa ta a titunan Unguwar Rimi da Malali. Da yawa daga injinanta masu silinda 6 na shekarun 1990 sun zo da 'yar fankar roba a cikin famfo. Tana iya tsagewa ko ta saki sandarta, fanbel na juyawa lafiya, babu yoyo ko ɗigo, amma ruwa ba ya tafiya. Daga 2004, injin da suka kira N52 ya zo da famfon lantarki da kwamfutar mota ke sarrafawa, babu fanbel a jikin famfon sam. Wannan ba ya yawan yin ƙara kafin ya tsaya. Fitilar gargaɗi ce kawai za ta kama, fankar gaba ta ɗauki ruri. Porsche ba ta da yawa a nan, amma labarinta ya isa darasi: Boxster ta 1996 da 911 ta 1997 injinsu yana bayan direba, lagireto kuma yana can gaba, ruwa na bin dogayen bututai, don haka iska kaɗan ta maƙale a hanya sai zafi ya tashi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne injin Ford mai lita 3.5 da ke cikin Edge da Explorer, waɗanda muke da su birjik. Famfonsa yana can ciki, sarƙar taimin ke juya shi. Idan ya lalace sosai, ruwan cikin baƙin mai yake zuba, man ya koma kamar shayin madara, kuma kafin mai mota ya ankara inji ya buga.

To, me muke zuba wa waɗannan injina? Ruwan rijiya, ruwan burtsatse, ruwan 'yan garuwa. Hujjar da ake bayarwa ita ce wai kulan, wato ruwan sanyaya inji na kanti, na ƙasashen sanyi ne, mu ba mu da ƙanƙara. Wannan magana ta jawo wa mutane asarar da ba ta misaltuwa. Gaskiya ne yana hana ruwa daskarewa, amma ba aikinsa ke nan kaɗai ba. A cikinsa akwai sinadaran da ke hana tsatsa da cin alminiyam. Ruwa zalla yana sa tsatsa, ruwan ƙasa kuma yana barin gasara a bututai, garin tsatsar nan yana bi ta fuskar sil yana goge ta har ta buɗe. Sannan ga batun tafasa. Ruwa na tafasa a digiri 100 a bakin teku. A Kaduna, da muke wajen mita 600 sama da teku, yana tafasa a wajen 98. Idan aka haɗa kulan da tataccen ruwa rabi da rabi, aka kuma sami murfin lagireto mai riƙe matsi, sai ya wuce digiri 120 bai tafasa ba. Ku lura da murfin nan. Abu ne mai araha, amma idan robarsa ta mutu, ruwa zai riƙa yin kumfa a bakin famfo, kumfar tana fashewa tana ƙwaƙule fankar kaɗan-kaɗan.

A nan zan yi magana da 'ya'yana samari masu wasan mota a wajen biki. Hatsarin da kuke jefa rayukan jama'a ciki magana ce ta wata rana, kuma ita ta fi girma. Amma ku sani, lokacin da kuke taka totur har ƙasa mota na juyi a wuri ɗaya, inji yana fitar da mafi girman zafinsa, iska kuwa ba ta ratsa lagireto. Babu abin da ke gajiyar da famfo irin wannan.

Sai cire tamostat. Mota na shigowa daga Kwatano, abu na farko da wasu ke yi shi ne su fitar da shi su jefar, su haɗa fanka kai tsaye. Ranku ya daɗe iyayenmu na gareji, na san niyyar alheri ce, amma ku sake dubawa. A injina da yawa tamostat ƙofa biyu yake tsarewa: idan ya buɗe hanyar lagireto, yana rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji. Idan aka cire shi, wani kaso na ruwan zai riƙa bin gajeriyar hanyar bai ga lagireto ba. Da sanyin hunturu kuma inji ba zai kai zafinsa ba, ya sha mai, ya ci kansa. Idan tamostat ya maƙale, a sa sabo.

Batun kayan gyara ba zan daɗe a kai ba, kowa ya san araha ba ta ado. Abu ɗaya zan ƙara: famfo ɗan Beljiyam, wato na hannu, ba shi da tabbas, domin sil ɗin da ya bushe wata da watanni a kwantena ba a ganin lafiyarsa da ido. Gara sabo na kamfanin da aka sani, ko da za a jira shi daga Legas.

Idan an zo canji, a bar inji ya huce; mutane da yawa sun ƙone fuska wajen buɗe murfi da zafi. A wanke hanyoyin ruwa kafin a ɗaura sabo, a kankare mazaunin tas, kada a lafta gam har ya ɓalle ya toshe bututu. A motocin da taimin bel ke juya famfo, irin su Peugeot 406, a canza su tare, tun da aikin kwancewa ɗaya ne, kuma famfon da ya cije yana iya tsinka bel ya lanƙwasa bawul. Daga nan sai fitar da iska, inda aiki mai kyau ya fi lalacewa. A BMW mai famfon lantarki ba a ma tayar da inji: a kunna makulli, a kai hita ƙarshen zafi, fankarta a ƙasa, a danne totur daƙiƙa 10, famfon zai yi ta aiki shi kaɗai wajen minti 12 yana korar iska. Bakaniken da bai san wannan ba zai ɗaura famfo mai tsada daidai, mota ta sake zafi a hanyar Zariya, a ce hannunsa ne ba kyau, alhali ba a taɓa nuna masa ba ne.

Wannan shi ya kawo ni ga roƙona. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada, muna da hedkwatar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, a garin nan, kuma a zamanin da Farfesa Idris Bugaje ke shugabantar kwalejin an ga yadda aka jawo masu sana'a na kasuwar Panteka aka fara ba ƙwarewarsu takardar shaida. Ina roƙon a yi wa kanikawa irin wannan, ta hannun ƙungiyarsu ta NATA: gajeren horo da Hausa, da yamma bayan an tashi aiki, a kan sanyaya injinan zamani. Kowane rukunin gareji kuma ya haɗa kuɗi ya sayi na'urar gwada matsin lagireto da na'urar karanta kwamfutar mota, a riƙa amfani da su tare. Masu motoci kuma, idan allurar zafi ta haura, ku gangara gefe ku kashe inji nan take, ko da gida na gabanku.