Ruwan Da Rana Ke Sha A Gonakinmu

Yau maganar ruwa zan yi, musamman ga 'yan'uwana masu noman rani a bakin gulbin Gagare da Bunsuru, daga Sakajiki da Ƙaura Namoda har Zurmi da Shinkafi.

Ka sha ruwan randa da rana tsaka, ka ji sanyi ko? Ruwan da ke tsatsowa ta jikinta ne yake zama tururi, ya tafi da zafin. To haka shuka take. Idan ta ƙoshi da ruwa tana yin gumi ta ganye, sai ganyen ya yi sanyi. Idan ƙishirwa ta kama ta sai ya yi zafi, tun kafin idonka ya ga ta yi yaushi.

Wannan zafin ne tauraron ɗan'adam yake aunawa. Landsat 8 da Amurka ta harba a 2013 da Landsat 9 na 2021, kowanne yana dawowa kan wuri ɗaya duk bayan kwana 16. Masana su haɗa zafin ƙasa da koren ganye da ƙarfin rana, su lissafa ruwan da ya tashi sama daga ƙasa da shuka. Hukumar FAO ma tana da shafi mai suna WaPOR tun 2017, ya haɗa da Afirka duka, kuma kyauta ne.

Ga lissafin da nake so ku riƙe. Milimita 1 a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. A bazara gona mai ruwa tana iya rasa milimita 6 a yini, wato jarka 2,400 mai lita 25. Kai da ke sayen fetur ɗin injin ban-ruwa, ka san abin da wannan yake nufi a aljihunka.

Amma fa kar a ɗauke shi kamar duba. Hadarin damina yana tare masa gani, hazon hunturu yana rage ingancin hoton. Sannan Landsat yana auna zafi ne a faɗin mita 100, don haka ƙaramar gonar albasa sai ta cakuɗe da ta maƙwabci. A ganina ya fi amfani ga fadama gaba ɗaya, balle yanzu da rashin tsaro ya hana malaman gona shiga wasu ƙauyukanmu.

Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda, ku buɗe WaPOR ku nemo fadamar garinku, ku gwada Maris da Agusta, ku gaya mana abin da kuka gani.