BAƘIN HUNTURU: TSUNTSAYEN DA BA SU SAN IYAKA BA



A ƙasashen Turai akwai wata al'ada wadda, in Bahaushe ya ji ta, zai iya cewa rashin aikin yi ne. Idan sanyi ya tsananta, sai mutane su yi ƙungiya, su ɗauki madubin hangen nesa da littafin rubutu, su bi gaɓar teku tun da asuba, suna neman tsuntsayen da ba a cika gani ba. Abin da nake so in nuna a yau shi ne, wannan yawo nasu ya shafe mu, domin da yawa daga cikin tsuntsayen da ke ƙyanƙyasa a can, a ruwayenmu suke yin hunturu.

Ƙaurar tsuntsu ba baƙon abu ba ne ga manomi. Kowa ya san zuwan shamuwa albishir ne na damina, in kaka ta yi kuma sai ta nufi kudancin Afirka. To, daidai lokacin da take barinmu, sai waɗansu baƙi su iso daga arewa, bayan sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara: agwagin ruwa, da farar shamuwa ta Turai, da ƙananan tsuntsaye masu kiwo a bakin tafki.

Turawa sun daɗe ba su san inda waɗannan tsuntsaye ke zuwa ba. A shekarar 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Denmak, mai suna Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, don duk wanda ya tsinci ɗaya ya ba da labari. Daga 1967 aka shiga ƙidayar tsuntsayen ruwa a cikin watan Janairun kowace shekara, kuma yawancin masu yin ta 'yan sa kai ne.

Mene ne amfanin wannan ƙidaya? Ga misali biyu. A bazarar 1969 masu lura a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ya cika shingayen gonakinsu, fiye da rabinsa bai komo ba. Da aka bincika, sai aka gane farin da ya fara a yankin Sahel ne ya kashe shi, watau farin nan da ya kai ga yunwar 1973. Ashe littafin mai kallon tsuntsu ya ɗauki labarin bala'inmu tun kafin duniya ta farga. Misali na biyu ya fi ban tausayi. Akwai wani tsuntsu mai siririn baki lanƙwasasshe, wanda masu sha'awa kan yi takakka kowane hunturu zuwa Merja Zerga, a gaɓar tekun Maroko, don su gan shi. Kowace shekara sai ya ragu, har aka yi masa ganin ƙarshe a can a 1995. A 2024 masana suka tabbatar ya ƙare a doron ƙasa. Saboda haka ƙarancin tsuntsu gargaɗi ne, ba abin kallo kurum ba.

Mu a nan ba mu da teku, amma muna da abin da ya tsaya a madadinsa. Ga wanda ya ƙetaro Sahara da ƙishi, ruwan farko da ya tarar shi ne gaɓarsa. Mafi shahara shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, wadda aka sa a jerin Yarjejeniyar Ramsar a 2000. Amma mu dubi Jibiya. An kammala madatsar ruwanta a kan kogin Gada a 1989. Ruwan nan shi ne ke ƙetare iyaka ya zama Gulbin Maraɗi, ya wuce kusa da tafkin Madarumfa, sannan ya kewayo ya sake shiga Nijeriya ya haɗu da Rima. Kogi ɗaya ne, hukuma biyu. An rufe iyakar nan a 2019, aka sake rufe ta a 2023. Motoci suka yi jerin gwano, fatake suka yi asara, amma ba agwagwar da aka tsayar a tambaye ta fasfo. Daɗa abin da aka tare ko aka saki a Jibiya, shi ne mai kamun kifi da tsuntsu za su gani a ƙasar Maraɗi.

Kada mu ɗauka asara ta Maroko ce kaɗai. Gauraka, wanda iyayenmu suka saba gani garke-garke a fadamu, yau da ƙyar ake ganinsa a Nijeriya, saboda kamu da ƙafewar dausayi.

Don haka ina da roƙo uku. Ga ɗalibai: ku fita bakin ruwa a watan Janairu, inda tsaro ya ba da hali, ku rubuta rana da wuri da iri da yawa. Ku tambayi masunta da maharba sunayen tsuntsaye da Hausa, domin sunayen ma suna ɓacewa. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke Jami'ar Jos tana horar da masu wannan aiki. Ga ma'aikatan ruwa da na gandun daji: in za a tsara sakin ruwa, a tuna da fadamar da ke ƙasa da madatsa. Ga hukumomin Katsina da Maraɗi: a riƙa yin ƙidaya a rana guda, a Jibiya da Madarumfa, a yi musayar sakamako, don kada a ƙirga garke ɗaya sau biyu, ko a rasa shi gaba ɗaya.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Ruwan da ya kasa riƙe tsuntsu bana, ba zai riƙe garken shanu baɗi ba.